DARASI: HAƘƘIN TSUNTSU A KANMU DA ƳAƳANMU

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, ƴaƴanmu suna son labarin tsuntsaye. Suna jin tatsuniyar kurciya da hankaka a bakin kakanninsu, suna karanta hikimar aku a cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Amma idan gari ya waye, sai ka ga yaron nan ya ɗauki danƙo da tarko, ko ya hau itace ya kwashe ƴaƴan tsuntsu ya zuba cikin keji. An koya masa sha'awar tsuntsu, ba a koya masa tausayinsa ba.

Alƙur'ani ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa tsuntsaye al'ummai ne kamar mu. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibnu Mas'udu cewa sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa guda biyu a cikin tafiya, uwar ta zo tana karkaɗa fukafukai. Da Manzon Allah (SAW) ya gan ta, sai ya yi umurni a mayar mata da su. Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu da yunwa.

Malamai sun halatta riƙon tsuntsu idan ana ba shi ci da sha, hujjarsu kuwa tsuntsun Abu Umairu, ƙanen Anas. To amma halacci bai ɗauke nauyi ba. Ɗan tsuntsun da aka raba da uwarsa galibi mutuwa yake yi. Aku idan ya daɗe a tsare shi kaɗai, yakan dinga fige gashin kansa. Kamun aku ya yi yawa har aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe a 2016. Gauraka ma sun yi ƙaranci, kamu da tsarewa a gidaje na cikin dalilai.

Ku dubi shamuwa: ba mu taɓa ta, shi ya sa kowace shekara take dawowa garuruwanmu da bushara ta damina.

Saboda haka, ya ku iyaye da malaman makarantun allo, ku ba yara ƙissar Annabi Sulaimanu da alhudahuda, ku ba su labarin tsuntsuwar da aka mayar wa ƴaƴanta. Wanda ya tarar da keji a gidansa, ya tambayi ɗansa inda uwar tsuntsun take.

Allah Ya sa mu cikin bayinsa masu jin ƙai, amin.