Wankin Tirelar Shanu Da Duba Lafiyarta Kafin Lodi

Darasinmu na wannan fitowa a kan tirela ne, musamman bodinta inda dabba take tsayawa. Mu mutane ne masu duban sa tun daga haƙori har wutsiya kafin mu taya, mu matsa tozo, mu sa a kora shi mu ga tafiyarsa. Amma in aka zo ga motar da zai kwana biyu ko uku a cikinta, sai mu tsaya a ƙasa mu yi ciniki da ɗan kamasho, mu ba da kafin alƙalami, babu wanda zai taka ya leƙa ciki. Ni ma da haka nake yi, sai da na ji a jikina.

Wata damina na yi lodi a Maigatari ranar Alhamis. Ashe motar takin zamani ta hawo da shi daga kudu, irin farin nan mai kama da gishiri da ake kira yuriya. Waɗansu buhuna sun fashe, yaran mota suka share sama-sama, suka zuba yashi a kai. Wanda ya maƙale a lungun gaba ya sha laima ya dunƙule. Kun dai san saniya da lasa. Mun wuce Gumel kaɗan sai masu rakiya suka fara dukan bodi, muka tsaya. Bijimai biyu na gaba jikinsu na rawa, yawu na dalala, ciki ya kumbura kamar ganga. Ɗaya muka samu muka yanka, ɗayan ya riga wuƙa. Direba yana ta rantsuwa, "Alhaji, wallahi an share." Kuma gaskiyarsa ne, an share ɗin. Daga baya likitan dabbobi ya yi mini bayani, cewa yuriya in ta shiga tumbi da yawa lokaci guda takan rikiɗe ta zama guba ta bi jini, tana iya kayar da babban sa cikin awa guda. Saboda haka tambayar farko da nake yi wa kowane direba yanzu ita ce: me ka sauke? In taki ne, ko siminti, ko maganin feshin gona, to sai an wanke da ruwa ina tsaye.

Wannan ke nan game da abin da mota take kawowa daga kudu. Wanda ya fi shi yawa kuwa shi ne abin da shanun jiya suke bar wa shanun yau. Ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke kira boru, ƙwayarsa tana fita a yawu da kashi da fitsari da nono, kuma takan rayu kwanaki cikin kashin da ke maƙale, har makonni in wurin yana da laima da inuwa. Dabbar da ta ɗauka ba ta nunawa nan take, daga kwana 2 ne har zuwa 14. Wato kana iya sauke shanu garau, ciwon ya tashi a hannun wanda ya saya, ko a garken da ka ajiye ragowar da ba a saya ba, kai kana can kana zargin kasuwa alhali a mota aka kwasa. Haka ɓawon kirci da ke gogewa a jikin ƙarfe. Haka kuma kaska: in ta ƙoshi da jini sai ta saki dabba ta faɗa cikin shimfiɗa, ta nemi tsaga ta zuba ƙwai dubbai. Akwai wata irin kaska mai taurin kai ga magani wadda asalinta ba ta ƙasashenmu ba ce, an fara ba da labarin ganinta a Kwaddibuwa a 2007, daga baya aka same ta a Benin da sauran maƙwabta. Ba tashi take yi ba, dabba da mota ne ke ɗaukarta.

To yaya ake wankin? Abin da na fi gani a tashoshinmu shi ne a ɗebo girezil, wanda a Nijeriya suka fi sani da Izal, a dama a bokiti ya yi fari kamar nono, a watsa bisa kashi. Wari ya tashi, kowa ya ce mota ta wanku. Wannan ɓarnar kuɗi ce kawai. Tun muna yara a makaranta aka koya mana cewa sai an gusar da ainihin ƙazanta kafin ruwa ya yi amfani, to nan ma haka ne. Kashi yana cinye ƙarfin magani, ƙwayar cutar kuwa tana ƙarƙashi lafiya lau.

Ana farawa ne a bushe. A kwashe shimfiɗa duka da shebur, yashi ne ko buntun shinkafa ko garin katako, a kankare daɓe, a bi lunguna da ƙarƙashin sandunan da ake ɗaure ƙaho, da bayan ƙofa, da katakan da masu rakiya ke zama a sama. Wannan mataki shi ne rabin aikin, kuma shi ne yara suka fi ƙi. Igiyoyin da aka ɗaure shanun baya da su a fito da su, ko a jiƙa su a magani ko a ƙone, domin sun sha yawu. Sa'an nan a kawo ruwa da garin sabulu da buroshi mai tauri, a fara daga sama a gangaro, daga gaba a nufo ƙofa, don kada a mayar da dauɗa inda aka gama. A ɗauraye. A bari ruwan ya tsane, domin in ka zuba magani a daɓen da ruwa ke kwance, ka tsinka shi da hannunka. Sai yanzu ne lokacin magani. A jiƙa ko'ina sharkaf, a bar shi kamar rabin awa, a ɗauraye, a buɗe ƙofa rana ta shiga. Ranar ƙasarmu kyauta ce, kuma bushewa da kanta tana kashe ƙwayoyi da yawa. Motar da aka wanke da safe ta wuni a buɗe ta fi wadda aka wanke da magariba aka loda da asuba.

A nan ina so a saurara da kyau, don ba kowane magani ne ke kashe kowace cuta ba. Girezil yana da amfani ga ƙwayoyi da dama, amma ba a dogara da shi a kan boru. Ƙwayar boru abu biyu take tsoro: tsami mai ƙarfi, ko kaifi irin na toka da kanwa. Abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna aiki da shi shi ne sodar wanki, kashi 4 cikin 100, wato giram 800 a bido mai lita 20, jarka ke nan. Wani zai ce ai ga kanwa a kasuwa da arha. Gaskiya ne danginsu ɗaya, amma kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, wata ta fi wata, kuma da ƙasa a cikinta, ba ka da awon da za ka tsaya a kai. Akwai kuma sodar da mata ke dafa sabulu da ita. Ita ma tana kashewa a kashi 2 cikin 100, amma ni ba na ba yaro ita: tana cin fata, in ta fantsama a ido tana makantarwa, tana cin alminiyam da fenti. In dole ta kama, ita ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, domin tafasa take yi ta yi tsalle.

Ruwan jabel, wanda a ƙetaren iyaka suke kira Hypo ko Jik, yana da kyau a daɓen da aka riga aka wanke. Rana da zafi suna kashe ƙarfinsa, saboda haka a haɗa na ranar a ranar, kuma a ɗauraye da kyau don yana jawo tsatsa. Amma kashedi! Kada a haɗa shi da komai sai ruwa. In ya gamu da abu mai tsami, kamar ruwan batir ko maganin wanke masai, yakan tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu. In aka tuttula shi bisa fitsarin da ya taru, shi ma yana tayar da wata iskar mai shaƙe mutum. Na taɓa ganin yaron mota ya haɗa jabel da girezil da garin sabulu da wani abu a kwalba da shi kansa bai san sunansa ba, wai don ya yi ƙarfi. Ya fito yana tari hawaye na zuba. Haka kuma mai tsami da mai kaifi in aka gauraya su kashe juna suke yi, ka tashi da ruwa zalla. Magani ɗaya, awo ɗaya, kamar yadda aka rubuta a jikin kwalba.

Yaron da ke wankin shi ma ɗan wani ne. A ba shi takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci lokacin kankare busasshen kashi, kuma a cire tamfol iska ta ratsa. In saniya ta yi ɓari a mota, kada ya ɗauki ɗan ko mahaifar da hannu tsirara, domin bakkale yana kama mutum, ya bar shi da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin sauro a banza. Kafin kowa ya shiga ƙarƙashin mota a kashe inji, makulli ya koma aljihun direba, a ja birki, a tokare tayoyi da gungume. Ruwan wankin kuwa kada ya gangara tafki ko gindin rijiyar da dabbobi ke sha, in ba haka ba ka fitar da cuta daga mota ka kai ta mashaya. Shimfiɗar da aka kwashe a tara ta wuri guda nesa da turke, a rufe ta yi zafi ta ruɓe na makonni kafin manomi ya kwasa.

Akwai hali guda da duk wannan bayani ba ya aiki. In dabba ta faɗi farat ɗaya ta mutu, baƙin jini mara daskarewa yana fita ta hanci ko dubura, ta kumbura da sauri, to a ɗauka ciwon saifa ne har sai likita ya ce ba shi ba ne. Kada a feɗe, kada a farka ciki, kada a wanke motar a watsa ruwan a ƙasa. Ƙwayarsa in ta sha iska takan yi wa kanta ɓawo ta zauna cikin ƙasa shekaru gommai, girezil da sodar wanki ba su taɓa ta, kuma tana kashe mutum. A keɓe motar a kira ma'aikatan dabbobi. Haka nan kada wani ya ɗauka wanki zai tsare shi daga ciwon huhu. Shi ta numfashi yake bi, daga mai tari zuwa na kusa da shi, kuma babu wurin da ya fi tirela cunkoso. Maganinsa rigakafi ne da ido: sa mai tari, mai miƙe wuya yana buɗe ƙafafun gaba yana nishi, ko nawa aka rage maka kada ya hau. Ina yaro a 1983 na ga yadda bushiya ta share garkuna. A 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, amma boru da huhu da saifa suna nan tare da mu.

Wani amfanin wanki shi ne sai daɓe ya fito fili kake ganin aibinsa. Fitsarin shanu yana cin ƙarfe daga ƙarƙashin yashi ba wanda ya sani. Ka ɗauki guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa, musamman lunguna da bakin ƙofa. Inda ya yi taushi ko yake ɓarewa, ƙafar babban sa tana iya zurmawa, kuma sa mai karyayyar ƙafa a tsakiyar hanya kun san farashin da mahauta ke ba shi. In katako ne, ka soka tsinin wuƙa, in ta shige ya ruɓe. Ka shafa bango da hannu ka nemi ƙusa ko tsinin walda da zai yage fata. Ka gwada ƙofa da sakatarta, ka tabbata akwai sarƙa ta biyu. Shimfiɗa kuwa ta zama sabuwa busasshiya, mai kaurin da kofato zai kama, domin ƙarfe tsirara da fitsari santsi ne, kuma wanda ya faɗi a cikin lodi taka shi ake yi.

Ƙarƙashin mota aikin direba ne da bakanike, amma babu laifi ka tambaya. Ruwa mai ƙarfi yana wanke giris, saboda haka kada a saita tiyo a kan boris na taya ko wayoyin fitila, kuma bayan wanki a sake shafa giris a farantin da tirela ke hawa a bayan kan mota, a duba ƙusar da ke riƙe da ita. Tankin iskar birki yana tara ruwa, direban kirki kullum yakan buɗe ya zubar. A duba tiyon iska, da notunan taya, da sifirin, da tayar safiya ko da iska a ciki. Motar siminti in ta lalace kwana biyu a daji, siminti ba ya jin ƙishirwa.

Saura maganar wa zai biya kuɗin wanki, wadda a kanta ake yawan cacar baki a tasha, direba ya ce mai mota, mai mota ya ce mai kaya. Ni abin da nake yi, ina sa shi cikin ciniki tun farko a gaban ɗan kamasho: kuɗin mota kaza ne, da sharaɗin wankakkiyar mota busasshiya, ni kuma na kawo soda da sabuwar shimfiɗa da igiya daga aljihuna. In mu uku ko huɗu ne muka haɗa lodi, sai mu raba, mu wakilta mutum ɗaya ya hau ya duba da idonsa kafin kafin alƙalami ya fita daga hannunmu. In ya sauko ya ce bai gamsu ba, a kira wata motar.