Haihuwa Da Aikin Likita Da Abin Da Kan Biyo Baya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, akwai cikin da likitoci ke kira mai haɗari, watau na mai hawan jini, ko mai jijjiga, ko yarinyar da ƙugunta bai isa ba, ko wadda ta sha doguwar naƙuda. Irin waɗannan sau da yawa sai an yi musu aiki an ciro jariri.

Aikin yana ceton rai, amma fitowar jariri ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Na farko shi ne zubar jini, idan mahaifa ta ƙi tsukewa. Na biyu, ɗinki ya yi ruwa, zazzaɓi ya taso. Na uku, jini ya daskare a jijiyar ƙafa, shi ya sa ake tayar da maijego ta riƙa takawa da wuri. Na huɗu, tabon mahaifa yana iya yagewa a naƙudar gaba.

Farfesa Kelsey Harrison ya bincika haihuwa 22,774 a Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya tarar mutuwa ta fi yawa ƙwarai cikin matan da ba su je awo ba.

Saboda haka mu da ke Kawo, Unguwar Rimi da Malali, ga asibitin Kawo da na Barau Dikko kusa. A je awo, a tanadi mai ba da jini tun kafin ranar. Wadda aka taɓa yi wa aiki kuwa, lalle kada ta sake haihuwa a gida. Rigakafi ya fi magani. Allah ya raba lafiya.