Yadda Masu Bincike Suke Ƙirga Itatuwan Gonakinmu

Ƴan uwa manoma, da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin baƙi a gona bayan girbi, ɗaya riƙe da igiyar awo, ɗaya da littafi. Suna auna gawo, suna ƙirga sabara da kalgo, suna yi mana tambayoyi. Wasunmu sukan zaci ma'aikatan gandun daji ne suka zo cin tara. Wasu kuma sukan zaci rabon taimako ne yake tafe. Sau da yawa ba haka ba ne. Masu bincike ne daga INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, ko ɗaliban jami'ar Maraɗi. A darasin yau za mu ga yadda suke aiki, da inda maganarmu take zuwa bayan sun tafi.

Abin da ya fi kawo su yankinmu shi ne sassaben zamani. A shekarar 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da yake aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturen da ke cikin gonaki suna da rai. In an zaɓi tofo mai ƙarfi aka bari, aka rage sauran, zai zama itace. A lokacin yunwar 1984 an ba da abinci ga waɗanda suka yarda suka bar itatuwa a gonakinsu. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare nasu. Wasu suka ga amfani, suka riƙe, maƙwabta suka koya daga gare su. Wanda ya yi ƙidaya a shekarar rabon kaɗai, da ya rubuta abin da ba zai ɗore ba. Shi ya sa mai bincike na gaskiya yakan koma wuri ɗaya bayan shekaru, ya sake ƙirgawa.

Babu mai iya ƙirga itatuwan gunduma guda ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka sukan yi kamar mai sayen gero a kasuwa: ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebo kaɗan ya duba. Amma in daga saman buhu kawai ya ɗiba, ana iya cutarsa. Haka ma in gonar maigari kaɗai aka auna, ko gonakin bakin hanya. Don haka ake zaɓen gonaki kamar ta ƙuri'a, kusa da gari da nesa. Kuma ana kula da bambancin ƙasa. Jigawar Agye daban take da kwarin Gulbin Kaba ta wajen Gazawa, inda goriba take, daban kuma da fadamar Gulbin Maraɗi ta wajen Gidan Rumji.

A kowace gona da aka zaɓa sukan shata fili. Misali, mita 50 tsawo, mita 50 faɗi, wato rubu'in hekta. In an sami itace 12 a ciki, hekta guda za ta ba da 48. Sukan rubuta sunan kowane itace da tsawonsa. Kaurinsa kuwa ana auna shi ne a mita 1 da santimita 30 daga ƙasa, daidai ƙirjin babban mutum. A yawancin ƙasashen duniya haka ake yi, domin a iya kwatanta awon Ɗan Saga da na wata ƙasa.

Akwai kuma ƙidaya daga sama. Gray Tappan, masani daga Amurka, ya jera hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000. Sai ya ga itatuwa sun ƙaru a gonaki, alhali mutane ma sun ƙaru. Amma hoto ba ya faɗin wanda ya rene su, sai da aka sauka aka tambayi manoma. A 2009 shi da Chris Reij da Melinda Smale suka fitar da rahoto: kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Mu lura da kalmar "kimanin". Ƙiyasi ne da aka gina a kan awo.

Bayan awo sai rubutu. Mai bincike yakan aika aikinsa ga mujallar masana. Shugaban mujallar ya miƙa shi ga wasu masana biyu ko uku, su bi shi da idon basira. Gona nawa aka auna? Yaya aka zaɓe su? Lissafin ya fita? Suna iya cewa a gyara, suna iya ƙin karɓa. Abin yakan ɗauki watanni. A irin wannan mujalla, mai suna GeoJournal, Abasse Tougiani da Chaibou Guero da Rinaudo suka buga aikinsu a kan ƙauyukan Agye a 2009.

Sai dai masanan nan suna iya kama kuskuren lissafi, amma ba za su iya kama amsar da muka karkata ba. In muka rage yawan damman geron da muka samu don sa ran taimako, ko muka ɓoye itacen da muka sara don tsoron tara, haka za a buga. Da wannan rubutu masu ayyukan raya karkara za su tsara abin da za su kawo mana. Batun tsoro ma ya ragu, domin a 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Mu ma muna da ƙorafi. Yawancin rubuce-rubucen nan da Faransanci ko Ingilishi ake yin su, ba kasafai suke dawowa ƙauyen da aka yi awon ba. In baƙin suka zo, mu tambaye su daga ina suke, me za su yi da amsarmu, yaushe za su dawo su karanta mana sakamako da Hausa. Tun da yanzu mun iya rubutu, kowa ya ware shafi a littafinsa. Bayan girbin bana ya rubuta shekara, ya rubuta gawo nawa, kalgo nawa, dami nawa. Baɗi war haka ya sake.