Bayan Maganin Sankarar Furostet: Rabon Aiki Tsakanin Ƙwararren Likita da Likitan Iyali

Gabatarwa

Sankarar furostet ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Nijeriya, musamman waɗanda suka haura shekara 50. Wannan maƙala za ta dubi kulawar da ake ba majinyaci bayan an gama yi masa magani, da yadda likitoci biyu za su raba aikin, tare da kawo misali daga Kubwa da ke ƙaramar hukumar Bwari, Abuja.

Mece Ce Furostet?

A kafafen yaɗa labarai akan ce wa cutar "sankarar mafitsara", amma wannan suna yana rikitarwa. Mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa. Ita kuwa furostet wani ƙullutu ne ƙarƙashin mafitsara wanda ya kewaye hanyar fitsari, kuma maza kaɗai ke da shi. Akan yi maganin cutar ta hanyar tiyata, ko gashi, ko allurar da ke rage sinadarin mazakuta.

Dalilin Bibiya

Gama magani ba shi ne gama jinya ba, domin cutar kan dawo ba tare da wata alama ba. Abin da ke tona asirinta shi ne gwajin jini mai suna PSA. Hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a yi gwajin aƙalla duk wata 6 a shekara biyun farko, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan tiyata aka yi, ya kamata PSA ya kusan ɓacewa, kuma hawansa zuwa 0.2 abin komawa asibiti ne. Idan gashi aka yi, akan lura da lamba mafi ƙanƙanta da ya sauka, sannan a nemi ƙwararre idan ya ƙaru da 2 a kanta.

Rabon Aiki

A ɗauka wani dattijo ɗan fansho mazaunin Kubwa ya yi gashi a Asibitin Ƙasa na Abuja. Duk zuwa ganin likita sai ya yi sammako, ya biya kuɗin mota, ya sha cunkoson babbar hanyar shiga gari, ya bi layi, alhali sakamakon gwaji kawai za a duba. Gajiya da rashin kuɗi kan sa irinsa ya daina zuwa da zarar ya ji sauƙi. To, ga Babban Asibitin Kubwa kusa da shi, ga kuma asibitocin unguwa.

Likitan iyali zai iya ɗaukar waɗannan:
1. Tura majinyaci gwajin PSA a kan lokaci, zai fi kyau a ɗakin gwaji guda.
2. Auna hawan jini da suga, domin allurar kan taɓa su, kuma takan raunana ƙashi.
3. Sauraron matsalolin da maza ke jin nauyin faɗa, kamar yoyon fitsari da raunin mazakuta. Dattijo ya fi sakin jiki da likitan da ya saba da shi.

Ƙwararre kuwa shi ke yanke hukuncin canza magani ko sake hoto.

Sai dai Hausawa na cewa jakin gayya yunwa ke kashe shi. Idan ba a rubuta komai ba, kowane likita zai zaci ɗayan ne ke kula. Don haka kafin sallama majinyaci ya nemi takarda mai ɗauke da irin maganin da aka yi masa, da lambar PSA ta ƙarshe, da ranar gwaji na gaba, da lambar da za ta sa a mayar da shi.

Alamomin Gaggawa

Ciwon baya mai tsanani tare da mutuwar ƙafafu, ko kasa yin fitsari, ko jini a cikinsa, ba sa jiran ranar ganin likita. A garzaya asibiti a ranar, domin jinkiri kan jawo shanyewar ƙafafu.

Kammalawa

An ga cewa rabon aiki yana rage wa majinyaci wahala, matuƙar akwai takarda tsakanin likitocin biyu. Ɗalibin da ke da mahaifi ko kawu a wannan hali, ya tambaye shi yau: "Baba, yaushe ne gwajinku na gaba?" Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.