Darasin Kasuwanci: Zaɓen Dila Kafin A Fara Sana'ar Injin Sayar Da Kaya

Kowace shekara ɗalibai suna gama makaranta, suna fita neman abin yi. Waɗansu za su wuce jami'a, waɗansu za su sami aikin ofis, da yawa kuwa za su kama sana'a da ɗan jarin da iyaye ko 'yan'uwa suka haɗa musu. Wannan darasi domin waɗannan na ƙarshe ne musamman, ko da yake malamai da iyaye ma za su sami abin ɗauka a ciki. Za mu duba sana'a guda ɗaya, wato ta injin sayar da kaya, mu ga yadda mai farawa zai zaɓi wanda zai sayi injin a wurinsa da wanda zai riƙa kawo masa kayan zubawa. Wanda ya koyi wannan zai iya amfani da shi ko da injin niƙa ko keken ɗinki zai saya.

1. Mene ne injin sayar da kaya?

Akwati ne na ƙarfe mai kama da babban firji. Mai saye yakan saka kuɗi ko ya biya da kati, ya danna lamba, sai lemon kwalba ko ruwa ko biskit ya faɗo masa, ba tare da mai tsaron shago ba. Dabarar tsohuwa ce. A ƙarni na ɗaya bayan haihuwar Almasihu, wani masani mai suna Hero, mutumin Iskandariya ta Masar, ya bayyana wata na'ura mai ba da ruwa kaɗan in an jefa mata sulalla. A shekarun 1880 aka fara kafa injunan sayar da katin wasiƙa a Landan, a 1888 kuma kamfanin Thomas Adams ya kafa na cingam a tashoshin jirgin ƙasa na birnin New York. A yau Japan ce ta yi suna da su, gama akwai wajen miliyan 4 a ƙasar in an haɗa da masu sayar da tikiti da makamantansu.

Abin lura shi ne, injin shi ne shagon, shi ne kuma yaron shagon. Ranar da ya tsaya, ciniki ya tsaya ke nan ɗungum. Saboda haka mutumin da ya sayar maka da shi zai zama abokin tafiyarka na shekaru, ko ka so ko ka ƙi.

2. Su wa ke sayar da injin?

Masu sayarwa kashi huɗu ne. Na farko, kamfanin da ya ƙera injin, kamar Fuji Electric na Japan ko Azkoyen na Sifen. Irin waɗannan sun fi son mai sayen injuna da yawa, da wuya su kula da mai neman guda ɗaya. Na biyu, dila mai wakiltar kamfanin a ƙasarku. Farashinsa yakan ɗan hau, amma yana da kayan gyara da makaniki. Na uku, masu gyara tsofaffin injuna su sake sayarwa. A wurinsu ake samun sauƙin farashi, a wurinsu kuma ake bukatar buɗe ido sosai. Na huɗu, masu tallar cewa za su ba ka injin, su nemo maka wurin kafawa, su kuma tabbatar maka da riba. Za mu yi maganarsu nan gaba.

Akwai wata hanya kuma. A Amurka kamfanonin lemo sukan ba ɗan kasuwa aron injin bisa sharaɗin kayansu kaɗai zai zuba. Haka kamfanonin lemo suke ba masu shaguna aron firji mai tambarinsu a garuruwanmu. Jari kaɗan ake bukata, amma mutum ya ɗaure kansa ga kaya iri ɗaya da farashin kamfani ɗaya.

3. Darasi daga Amurka

An daɗe ana cutar masu ƙaramin jari da wannan sana'a a Amurka. Mai talla zai ce injin zai mai da kuɗinsa cikin 'yan watanni, kuma an riga an tanadi wurare masu cunkoson jama'a. Bayan an biya, sai a kawo injin maras ƙarko, a kafa shi inda ba kowa, ko ma a ƙi kawo kome. A 1998 hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, wato FTC, tare da waɗansu jihohi, ta kai ƙarar kamfanoni da dama a kan irin wannan zamba.

Tun daga 1 ga Maris 2012 akwai ƙa'ida a can wadda ta wajabta wa mai sayar da irin wannan dama ya ba mai saye takardar bayani kwana 7 kafin ya sa hannu ko ya biya ko sisi. Takardar za ta nuna ko an taɓa kai mai sayarwa ƙara a kan zamba cikin shekara 10 da suka wuce, ko yana mai da kuɗi in an fasa, da sunayen mutanen da suka saya kafin kai. In ya yi alkawarin riba, dole ya kawo hujja a rubuce.

Wannan doka ta Amurka ce, amma ba wanda ya hana ka kafa wa kanka ita. Ka nemi waɗannan abubuwa a rubuce, ka ba kanka mako guda. Dilan da ya ce sai yau ko ka rasa, ka bar masa kayansa.

4. Tambayoyi shida ga mai sayar da injin

Ta farko: wane irin kuɗi injin yake karɓa, wa zai gyara shi in kuɗin ya canza? A ranar 28 ga Maris 2017 Ingila ta fito da sabon sulen fam ɗaya mai kusurwa 12, aka daina karɓar tsohon a watan Oktoba na shekarar. A ranar 3 ga Yuli 2024 Japan ta fito da sababbin takardun yen 1,000 da 5,000 da 10,000. A duka ƙasashen biyu sai da masu injuna suka gyara ko suka sauya abin da ke tantance kuɗi. Mu ma mun ga irin wannan. A watan Disamba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya fito da sababbin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka shiga ƙarancin kuɗi a farkon 2023, daga baya tsofaffi da sababbi suka ci gaba da yawo tare. Ga shi kuma sulalla sun ɓace daga cinikinmu na yau da kullum, takardun hannunmu kuwa sukan tsufa su yi laushi. Don haka injin da ke karɓar sulalla kaɗai ba shi da amfani a nan. A tambaya ko injin yana da tsarin haɗi da ake kira MDB. Wannan ne yake ba da damar a cire abin karɓar kuɗi na wani kamfani a sa na wani, ko a ƙara na'urar biya da kati. Tsohon injin da ba shi da shi, da wuya a sabunta shi.

Ta biyu: da wace irin wuta aka yi shi? Wutar Nijeriya wajen bolt 230 ce, tana bugawa sau 50 a daƙiƙa. Ta Amurka bolt 120 ce mai bugawa sau 60, ta Japan kuma bolt 100. Taransifoma tana iya rage ƙarfin wuta, amma ba ta canza yawan bugawar. Injin sanyin da aka yi domin 60 yakan rage gudu a kan 50, yana kuma iya yin zafi ya ƙone. A karanta farantin da ke jikin injin da ido. A tambaya kuma me zai faru in wuta ta ɗauke ana tsakiyar ciniki: zai tuna da kuɗin mai saye, ko zai haɗiye?

Ta uku: wane gas ne a cikin injin sanyin? Tsofaffi ƙwarai suna amfani da R-12, wanda aka daina yinsa bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987 domin yana ɓata sararin sama. In ka ga wannan a farantin, ka san injin ya tsufa, cika masa gas kuma zai zama wahala. R-134a da R-290 suna cikin waɗanda masu gyaran firji suka sani yanzu.

Ta huɗu: ina kayan gyara, ina makaniki? Kada ka yarda da "akwai" ta fatar baki. Ka ce a nuna maka su a kan kanta. Ka tambayi garin da makanikin yake, da kwana nawa yakan ɗauka kafin ya zo. Ƙurar hunturu tana toshe ragar injin sanyi da idon da ke karanta kuɗi, zafin bazara kuma yakan haura digiri 40 a wurare da yawa na Arewa. Injin zai bukaci hannu, ko da sabo ne fil.

Ta biyar: me garantin ya ƙunsa? A rubuta tsawonsa. A rubuta ko ya haɗa da injin sanyi da allon lantarki, gama su ne masu tsada. A rubuta wanda zai biya ladan makaniki da kuɗin mota. Dilan kirki yakan faɗa maka abin da garantin bai ɗauka ba tun kafin ka tambaya.

Ta shida: su wa suka saya a wurinka? Ka karɓi sunaye, ka taka da ƙafarka ka ga injin yana aiki, ka tambayi mai shi yadda dilan ya yi ranar da injin ya lalace. Ba a cinikin biri a sama. Ka duba rajistar kamfanin a hukumar CAC. In na hannu ne, ka tabbata lambar jikinsa ta yi daidai da ta rasit, don kada ka sayi kayan sata, ka kuma sauya makulli ranar da ya shigo hannunka. In daga waje za ka yi oda, ka lissafa kuɗin jirgi da na kwastan da takardar shaidar inganci ta hukumar SON kafin ka ce ya yi araha.

5. Bari mu yi lissafi

Ga misali domin koyo kawai. A ce dila na ɗaya yana sayar da injin a kan N1,800,000, ba garanti, ba kayan gyara a ƙasa. Na biyu yana sayar da irinsa N2,200,000 da garantin shekara guda, makanikinsa kuma yana cikin gari. Bambancin N400,000 ne. A ce kana sayar da kwalba 60 a rana, ribar kowace N100, wato N6,000. Ka cire N2,000 na wuta da hayar wuri, saura N4,000.

Yanzu a ce injin dila na ɗaya ya lalace, sai an yi odar abin gyara daga waje, ya ɗauki mako 6. Kwana 42 sau N4,000 ya zama N168,000. Ka ƙara N120,000 kuɗin abin da kawo shi, ya zama N288,000. In haka ta faru sau biyu a shekara, asarar ta kai N576,000, ta wuce abin da ka yi murnar ragewa. Ba mu ma lissafa kayan da suka lalace a ciki ba, da mai wurin da zai iya cewa ka kwashe akwatinka tun da ba ya aiki. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wannan ba ya nufin mai tsada ne kullum mai kyau. Abin da ake nufi shi ne a haɗa kuɗin saye da kuɗin riƙewa kafin a yanke shawara.

6. Mai kawo kayan zubawa

Dila na biyu shi ne ɗan sarin da zai riƙa ba ka lemo da ruwa da biskit. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a kan kowane katan. Mai injin ba ya sayar da katan a yini ɗaya kamar mai babban kanti, don haka kayan da ya rage musu wata guda asara ne a wurinsa ko da an yi masa rangwame. Ka auna kwalba da fakiti da ramukan injinka kafin ka yi sari, gama kamfani yakan sauya girman kwalba, sai ta riƙa maƙalewa. Ka yi yarjejeniya a kan mayar da abin da ya fashe ko ya huje. Ka tambayi mafi ƙarancin abin da zai yarda ya sayar maka, don kada jarinka duka ya kwanta a sito. Ka kuma riƙe 'yan sari biyu, ko da ɗaya ne ka fi hulɗa da shi. In kayan da ka zuba ya cuci ɗan wani, sunanka ne a jikin injin, kai za a nema.

Kai ma akwai abin da ke wuyanka. Ka biya ɗan sari a ranar da ka yi alkawari, ka ajiye rasit, ka rubuta lambar wayarka a jikin injin domin wanda kuɗinsa ya maƙale ya same ka ka mayar masa. Dila yakan san wanda yake cika magana, shi ne kuma yake fara ba kaya ranar da kaya suka yi ƙaranci.

Tambayoyi domin nazari

1. Ka kawo kashi huɗu na masu sayar da injin, da amfani da haɗarin kowanne.
2. Me ya sa taransifoma kaɗai ba ta isa ga injin da aka yi domin wutar Amurka ba?
3. Bisa misalin sashe na 5, kwana nawa kowane injin zai yi kafin ya mai da kuɗinsa in bai taɓa lalacewa ba?
4. Ku kasu uku-uku. Ku ziyarci mai injin niƙa ko mai shagon hoto kusa da ku, ku tambaye shi inda ya sayi injinsa da inda yake samun kayan gyara, ku kawo rahoto a aji.