Baƙon Tsuntsu a Tsakar Gida

Kai mai karatu, watakila wata rana kana zaune a gidanka a Fakku ka ga wani ɗan tsuntsu ya sauka gindin turmi, ba ka san shi ba. Kada ka bar yara su ɗauko danƙo tukuna. Zauna shiru, ka dube shi.

Fara da girmansa: ya kai kurciya, ko kuwa kamar gwara yake? Sa'an nan dubi bakinsa, gama baki shi ke tona abincin tsuntsu. Mai siririn baki kamar tsinke ƙwari ya ke ci, abokin manomi ne. Irinsa ne wani mai rawayan ciki, mai kaɗa wutsiya, da kan bi shanu da rani. Daga Turai ya ke zuwa da kaka, ya ƙetare hamada, ya koma kafin damina. Mai gajeren baki kakkaura kuwa, wannan mai fasa ƙwaya ne. A nan ne za ka buɗe ido.

Akwai ƙananan tsuntsaye biyu masu jan baki, mutane kan ruɗe da su. Na ɗaya ɗan mitsitsi ne, namijinsa ja ne kusan duk jiki, macen kuwa ruwan ƙasa. Biyu biyu su ke yawo, ko 'yan kaɗan, ba su tsoron mutum, har cikin jinka su kan yi sheƙa. Tsabar da ta zuba su ke tsinta. Ƙyale su.

Na biyu shi ne janbaki. Bayansa zane zane ne kamar na gwara. Da damina fuskar namiji ta kan yi baƙi, bakin macen kuma ya koma rawaya, saboda haka kada sunan ya yaudare ka. Nauyinsa wajen giram 20 ne kurum, amma ya kan ci wajen rabin nauyinsa a yini, ban da abin da ya ke zubarwa. Masana sun ce duk duniya ba tsuntsun daji da ya kai shi yawa. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawa ne. In sun yi wuya sai ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa, tun ba ma sa'ad da ƙwaya ke da ruwa ba.

To, in ka ga ɗaya, ɗaga kai ka nemi sauran, gama ba ya tafiya shi kaɗai. Da almuru ka lura da inda garken ya nufa, kamar hayaƙi. Cikin itatuwan ƙaya ko ciyayin fadama su ke kwana. Ka riƙe wurin, da safe ka gaya wa mai unguwa da malamin gona, don a makwancinsu ne a ke iya cim musu. Kafin nan, tura yara gona da gwangwani da majajjawa tun da asuba.