Gado ko Himma? Abin da Ciwon Sikila Ya Koya Mana

'Yan uwa ɗalibai, duk ranar da aka raba sakamakon jarrabawa sai mu ji wani ya ce, "Ni fa ba ni da kan lissafi, haka gidanmu yake." Wannan maganar ce ta mayar da mu littafin bayoloji, don mu ga abin da ake gada da gaske.

Misali mafi kusa da mu shi ne sikila, wato amosanin jini. Kuskure ɗaya tak a ƙwayar halittar da ke sarrafa sinadarin himogulobin shi ke sa jajayen ƙwayoyin jini su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, ciwo ya tashi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne: yana ɗauke da ita, amma bai da ciwon. Akwai ma dalilin yawanta a wajenmu. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma duk wanda ya kwana kusa da fadamar Rima da damina, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya san sauro.

Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A lura, kowane ciki muka ce. Ba wai an haifi SS ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Lissafin yana komawa farko duk haihuwa. A nan himma ba ta da abin cewa, domin ba karatun dare da zai mayar da SS ya zama AA. Shi ya sa muke jin ciwo idan aka kira ɗan ajinmu mai sikila rago don ya yi fashin mako biyu.

Amma ba a gano wata ƙwayar halitta guda ta lissafi ba. Ƙwaƙwalwa tana da nata gadon, sai dai ƙwayoyi masu yawan gaske ne ke haɗuwa a kai, kowace da ɗan tasirinta, kuma abinci da barci da malami da yawan gwaji suna shiga ciki. Mai cewa "gidanmu ne" ya ɗauki hukuncin sikila ya ɗora wa abin da ba sikila ba. Ko mai SS ɗin ma, jininsa ya gada, ba makomarsa ba: mawaƙin nan Adekunle Gold ya bayyana cewa da ciwon ya girma.

To, idan an iya gyara kuskuren fa? A 2020 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka sami kyautar Nobel saboda CRISPR, dabarar yanka ƙwayar halitta a daidai inda ake so. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin sikila mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga majinyaci, a gyara su, a mayar masa. Gyaran yana tsayawa a jikinsa, kuma da yardarsa ake yi.

Wannan ya sha bamban da aikin He Jiankui na ƙasar Sin, wanda a 2018 ya sanar cewa ya sauya ƙwayoyin halittar wasu tagwaye tun kafin su zama ciki. Yaran ba su nemi haka ba, kuma sauyin zai iya bin zuriyarsu. Kotu ta ɗaure shi shekara uku, mu kuma a kulob ba mu ga an zalunce shi ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne kuɗi. Farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ciwon. Abin da hannunmu ke kaiwa a Gesse shi ne gwajin jini, irin wanda jihar Kano ta wajabta kafin aure a 2024. Da muka tambayi juna a taron kulob, da yawanmu ba mu san ko AA muke ko AS ba.